Wutar Daji da Itatuwan Dawa

Kowace shekara, da ruwa ya ɗauke, aka kau da amfanin gona, sai hayaƙi ya soma tashi a dawa. Wanda ya hau tudu da dare a ƙasar Zazzau ya dubi kudu, sai ya hangi jan zare ya miƙe bisa duwatsu, yana tafiya sannu-sannu. Daga watan Nuwamba har zuwa Maris haka abin yake, tun daga Senigal, ta arewacin Gana da tsakiyar Nijeriya, har zuwa Cadi da Sudan. Masana da ke duban ƙasa da taurarin ɗan'adam sun lissafta cewa wajen kashi biyu cikin uku na filin da ke ƙonewa a duniya kowace shekara a Afirka yake.

Da yawa daga cikinku a ƙauye za ku koyar, kuma lalle wata rana maganar ƙona daji za ta taso a aji. Amsa mai sauƙi ita ce ku ce wa yara ƙona daji ɓarna ce, a bari. To, sai wani yaro mai wayo ya ɗaga hannu ya ce, “Malam, in wuta na kashe daji, me ya sa dajin bai ƙare ba, ga shi tun kaka da kakanni ake ƙona shi?” Tambayar nan daidai take, kuma malamin da ya tsawata wa yaron maimakon ya amsa masa ya zubar da girmansa a gaban aji. Saboda haka bari mu duba yadda wuta da tsire-tsiren dawa suke zaune da juna.

Mu fara da ciyawa, gama ita ce abincin wutar. Ku tuge gindin gamba da rani ku duba. Karan da ke sama duk ya bushe, ya mutu tun kafin wuta ta zo, ba sauran amfanin da yake yi wa tsiron. Ran ciyawar yana ƙasa, cikin saiwa da idanun nan da ke cunkushe a gindi, wasu a bakin ƙasa, wasu a binne. Wutar ciyawa kuwa irin wutar kara ce, takan tashi da ƙarfi ta wuce nan da nan. Zafinta sama yake tafiya, ƙasa kuwa ba ta saurin ɗaukar zafi, har ma inci biyu a ƙarƙashin toka da ƙyar za ka ji ɗumi. Don haka ne bayan mako biyu ko uku sai ka ga ɗanyen toho ya fito daga baƙin kututturen nan, ko ɗigon ruwa bai sauka ba, muddin akwai sauran laima a ƙasa. Tohon nan ne Fulani ke nema wa shanunsu sa'ad da busasshiyar ciyawa ta zama ba ta ƙosar da dabba.

Akwai tsire-tsire ma waɗanda kamar jiran wutar suke yi. Tofa takan fid da farin furenta bayan an ƙone ta. Rawaya kuma, wadda ake tona saiwarta don rini, da rani ba ka ganin komai nata a sama, sai wuta ta share wurin, sa'an nan furanninta manya, masu ruwan ɗorawa, su ɓullo a bisa toka, dab da ƙasa, babu ko ganye ɗaya tare da su. Tsiron da ya saba da wuta har haka ba jiya ko shekaranjiya ya san ta ba. Tun kafin ɗan'adam ya iya ƙyasta wuta tsawa ke kunna dawa a farkon damina, lokacin da hadari ke haɗuwa amma ciyawa ba ta jiƙa ba tukuna.

Itace kuwa sha'aninsa dabam ne, domin ransa a sama yake, a ƙarƙashin ɓawo da kan rassa, inda harshen wuta ke lasa. Itatuwan da kuke gani a dawa su ne waɗanda suka sami dabarar tsira. Ku shafa jikin kaɗanya, ku ji ɓawonta mai kauri, a tsattsage gida-gida kamar fatar kada. Wannan shi ne sulkenta. Wuta takan baƙanta bayansa, amma ba ta isa ga ɗanyen naman da ke ciki ba. Haka namijin kaɗe, da taura, da baushe, da ƙirya, kowanne da irin kaurin rigarsa. Giginya ta ɓoye idonta guda ɗaya tak a can cikin gindin ganyayenta. Doka da maje kuma, ko an ƙone su har ƙasa, sai su sake tsiro daga saiwa, su fito da yawa wuri ɗaya, shi ya sa kurmin doka yakan cika fili shi kaɗai, mil bayan mil. Wanda ya ratsa dajin doka a ƙarshen rani ya ga sabon ganyenta ja, yana ƙyalli bisa baƙar ƙasa, ba ya mantawa.

Yanzu ku kwatanta waɗannan da itatuwan kurmi, watau na bakin rafi da na ƙasashen kudu, masu ɓawo siriri, sumul. Su wuta ɗaya mai ƙarfi ta ishe su. Saboda haka ba ka samun su a tsakiyar dawa sai a inda wuta ba ta kai wa: gefen rafi mai laima, ko tsakanin duwatsu, ko bisa tsohon suri inda ciyawa ba ta yin kauri. Ku lura da yadda tsamiya da kanya suke yawan tsayawa a kan suri cikin daji, da ƙananan itatuwa a gewaye da su kamar an dasa.

Inda faɗan yake tsanani shi ne wajen 'ya'yan itace. Babbar kaɗanya ba ruwanta da wutar ciyawa, amma ɗan tsiron da bai wuce gwiwa ba yana cikin tsakiyar harshen wutar. Kowace shekara ya ɗago kai, sai wuta ta ƙone shi har ƙasa. Damina ta zo ya sake tsirowa daga saiwa, rani ya zo a sake ƙone shi. Yana iya yin shekara goma ko ashirin a haka, a sama kamar ɗan bana, a ƙasa kuwa saiwarsa ta yi kauri kamar cinyar mutum, tana tara abinci. Ba zai kuɓuta ba sai ya sami shekara biyu ko uku a jere da wuta ta kuskure shi, ko ta zo masa da sanyi-sanyi. Sa'an nan sai ya zuba abin da ya tara duka, ya miƙe da sauri ya kai ƙafa bakwai ko goma, kansa ya fi ƙarfin harshen wuta. Daga nan ya shiga sahun manya. Yawancin manyan itatuwan da kuke gani a dawa ta wannan ƙunƙuntar ƙofa suka wuce, kuma in kun tona ƙarƙashin ciyawa za ku tarar da ɗaruruwa suna jiran tasu damar.

To, ga yadda abin yake kewayawa. Ciyawa na son rana. In ta sami rana ta yi tsawo, ta bushe, ta ci wuta, wutar ta danne 'ya'yan itace, fili ya zauna a buɗe, ciyawa ta sake samun rana. Watau wuta mayaƙiyar ciyawa ce, ita ke tsare mata gida. In kuwa itatuwa suka sami sarari suka haɗa kai, inuwarsu sai ta kashe ciyawa, wuta ta rasa abin ci, 'ya'yan itace su tashi ba mai hana su, wurin ya ƙara duhu. Masana sun lura cewa da inuwar itatuwa ta rufe wajen kashi 40 cikin 100 na fili, wuta ba ta iya yaɗuwa sosai a cikinsa. Don haka ne bakin kurmi yakan zama kamar an yanka da wuƙa: nan ciyawa ta fi tsayinka, taki goma gaba kana cikin duhu da sanyi, alhali ƙasa ɗaya ce, ruwan sama ɗaya.

Wannan magana an gwada ta, a ƙasarmu ma aka gwada. A shekarar 1929 wani ma'aikacin daji mai suna MacGregor ya keɓe fili uku a jere cikin gandun dajin Olokemeji, tsakanin Ibadan da Abeokuta, wurin da dawa da kurmi suka yi iyaka. Fili na ɗaya aka riƙa ƙone shi kowace shekara a farkon rani, na biyu a ƙarshen rani, na uku kuwa aka tsare shi, ba a bar wuta ta taɓa shi ba ko sau ɗaya. Bayan shekara 28 aka zo aka ƙirga itatuwan. Wanda aka tsare ya koma kurmi, itatuwan da ba sa jure wuta sun cika shi, ciyawa ta kusa ɓacewa. Wanda ake ƙonewa a ƙarshen rani ya zama filin ciyawa da itatuwa tsilli-tsilli, duk masu kaurin ɓawo. Na farkon rani kuwa ya tsaya a tsakani, itatuwansa sun fi na ƙarshen rani yawa ƙwarai, da ciyawa a ƙarƙashinsu. Wani Bafaranshe mai suna Aubréville ya kafa irin wannan gwaji a Kokondekro, kusa da Buwake a ƙasar Kwaddibuwa, a shekarar 1936, abin da ya fito kuma bai saɓa da na Olokemeji ba.

Me ya raba wutar Nuwamba da ta Maris, har suka haifi daji iri biyu? A farkon rani ciyawa ba ta gama bushewa ba, raɓa na sauka da dare, iska ba ta da zafi. Wutar takan yi babbaka kawai, ta ci nan ta tsallake can, dare ya yi ta mutu don kanta. A ƙarshen rani kuwa iskar hunturu ta yi wata uku tana busar da kome, ciyawa ta zama kamar auduga, rana ta ƙwalle. Wutar lokacin nan ba ta barin kome, harshenta yakan kai rassan manyan itatuwa. Abin da ya fi muni, lokacin ne itatuwa suka fid da sabon ganye da fure. Kaɗanya da ɗorawa da rani suke fure, in wuta ta lashe shi a watan Fabrairu ko Maris, matan ƙauyen nan ba su da kaɗe, ba su da kalwar daddawa a shekarar. Wanda ya cinna wutar kuwa wataƙila gafiya biyu ya fita nema.

Sai dai kada ku ɗauki darasin Olokemeji ku shimfiɗa shi bisa ƙasa duka, gama ruwan sama shi ne alƙalin maganar. A shekarar 2005 wasu masana suka tara awon itatuwa daga wurare 854 a Afirka, suka ga cewa inda ruwan shekara bai kai wajen inci 26 ba, ƙarancin ruwa ne ke hana itatuwa haɗa kai, ko da wuta ko babu. Inda ya wuce haka, ruwan ya isa itatuwa su rufe fili, sai wuta ko dabbobi ko gatari ne ke hana su. Zariya tana samun wajen inci 40, saboda haka dawar kudancin Zazzau, da ta Neja da Binuwai, lalle wuta na da hannu babba a kamanninta. Amma ku tafi arewa, ƙasar Tawa da Damargu, inda ruwa ba ya kai inci 20 a yawancin shekaru. Ciyawar can, irin su ƙarangiya, 'yar shekara ɗaya ce: ta tsiro daga iri, ta yi iri, ta mutu, ba ta da gindi mai rai da zai fid da toho. In ta ƙone a watan Nuwamba, ba wani kore da zai fito sai ruwa ya sauka a watan Yuni ko Yuli. Abincin dabbobi na wata bakwai ya tafi a yini guda, ƙasa ta zauna tsirara iska na kwasa. A can wuta hasara ce tsantsa, shi ya sa a Nijar ake fita bayan damina a share hanyoyi masu faɗi cikin makiyaya, domin in gobara ta iso ta rasa abin kamawa.

Akwai kuma wani kuskure da masu ilimi suka daɗe a kansa, ya kamata ku san shi don kada ku gāje shi daga tsofaffin littattafai. Aubréville da abokan aikinsa, da suka ga yadda filin da aka tsare ke komawa kurmi, sai suka ɗauka cewa dawar Afirka ta Yamma duk kurmi ce a dā, mutanen ƙasa ne suka lalata ta da wuta. In suka ga ɗan kurmi a gewaye da gari sai su ce ragowar babban dajin ke nan. A shekarar 1996 wasu masana biyu, Fairhead da Leach, suka fid da sakamakon binciken da suka yi a Kisidugu ta ƙasar Gini. Sun gwama hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama a shekarar 1952 da na bayansu, suka kuma saurari tsofaffin garuruwan. Sai ga shi kurmin ƙaruwa ya yi a wurare da yawa, kuma mutanen gari ne suka raya shi: su suka dasa itatuwa, suka ɗaure dabbobi su cinye ciyawar gefen gari, suka ƙone abin da ya rage da wuri don kada gobarar ƙarshen rani ta kai ga ɗakunansu. Dawa halitta ce mai zaman kanta, da tsire-tsirenta da namunta, ba kufan kurmi ba ce.

Irin wannan dabara ta ƙona da wuri manoman kudancin Mali sun ƙware a kanta. Sukan fara da wuraren da suka riga bushewa, kamar bisa marmara inda ciyawa gajera ce, su bi daji kaɗan-kaɗan yadda yake bushewa, har ya zama rodi-rodi, nan baƙi can ɗanye. Wutar da ta tashi daga baya ba ta yin nisa sai ta ci karo da ƙuna ta mutu. Gwamnatin Mali ta hana ƙona daji ɗungum a shekarar 1986, da tara mai nauyi. Wuta ba ta daina tashi ba, manoma dai suka tsani ma'aikatan daji, kuma bayan canjin mulki na 1991 aka sake dokar, aka yarda da ƙonawar farkon rani.

Kada wani ya karanta wannan ya ce ashe wuta ba ta da laifi. Toka tana da amfani, domin gishirin nan da ke ba ruwan toka kaifi yana cikinta, tsiro kuma yana bukatarsa. Amma wani sinadari mai suna naitirojin, wanda shi ke sa ganye ya yi kore shar, yawancinsa hayaƙi yake bi ya tafi. Ganyen da ya kamata ya ruɓe ya zama taki shi ma ya tafi. A dawar da ba a nomawa, damina takan mayar da abin da aka rasa. A gonar da ake nomawa kowace shekara ba hutu, manomin da ya ƙone karansa da ciyawarsa takinsa ya ƙone. A ganina nan ne ya kamata malami ya dage da faɗa, gama nan ne hasarar take a fili, yaro ma yana iya ganinta.

In kuna son ganin ƙarfin ciyawa a wannan faɗa, ku bi gambarmu zuwa Ostareliya. An kai ta arewacin ƙasar a shekarun 1930 don kiwon shanu, har yau kuma da sunanta na Hausa suke kiranta, gamba. Dawar can ita ma ta saba da wuta, amma ciyawarta gajera ce, tana bushewa da wuri, wutarta ba ta da tsanani, itatuwan turare na can kuma da irin wannan wuta suka saba. Gamba ta tsere daga makiyaya ta shiga daji a kudu da birnin Darwin. Tana kai ƙafa 13, tana daɗewa ɗanya har tsakiyar rani, sa'an nan ta bushe gaba ɗaya. Wani awo da aka buga a shekarar 2003 ya nuna wutarta tana kai ninki takwas na wutar ciyawar ƙasar. Itatuwa suka riƙa mutuwa a tsaye, inda suka mutu gamba ta cike gurbin, wutar baɗi ta fi ta bana. A shekarar 2012 gwamnatin ƙasar ta sa ta cikin jerin miyagun ciyayi mafiya ɓarna. Ciyawar da muke yanka mu saƙa zana da ita ke nan. A nan gida masu yankan zana da garkunan shanu suna rage ta tun kafin wuta ta zo, itatuwanmu kuma da zafin wutarta suka tashi.

Wani abin mamaki kuma, wutar dawa raguwa take yi. Binciken da aka buga a shekarar 2017 ya nuna filin da ke ƙonewa a duniya ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu tsakanin 1998 da 2015, kuma mafi yawan raguwar a ƙasashen ciyawa ne. Dalilin kuwa gonaki da hanyoyi da garuruwa sun yanyanka dawa, dabbobi sun cinye ciyawa. Wanda ya san karkarar Kano ya san haka: gona na manne da gona, kara an kwashe an kai gida, ba abin da wuta za ta ci. Kaɗanya da ɗorawar da ke tsaye cikin gonakin nan sun huta da wuta, sai dai 'ya'yansu yanzu da garma da bakin akuya suke fama.

Ga abin da za ku iya yi da yaranku, in makarantarku tana ƙasar gamba. Ku nemi iznin mai gari, ku kira malamin daji ya tsaya. Ku auna fili uku a gefen saura, kowanne taki 20 tsawo, 20 faɗi, ku share hanya mai faɗin taki biyar a gewaye da kowanne har ƙasa ta fito. Yara su ƙirga kowane ɗan itace da ke ciki, su auna tsawonsa da sanda, su rubuta sunansa. Na ɗaya ku ƙone shi a makon ƙarshe na Nuwamba, da yamma, ranar da babu iska. Na biyu ku bar shi sai farkon Maris, kuma ranar nan manya kaɗai za su tsaya kusa, da ɗanyen ganye da tulunan ruwa, yara su kalla daga nesa. Na uku kada wuta ta taɓa shi, ku riƙa sake share hanyarsa kowace kaka. A sake ƙirga da awo kowane watan Oktoba, a rubuta a littafi guda wanda zai zauna a makarantar ko an canja muku wurin aiki, domin bambancin filayen ba ya fitowa sosai sai a shekara ta huɗu ko ta biyar.